Doka da Sassauci a Ƙofar Makarantar Hafsoshi

A ƙasar Amurka akwai makarantu biyar na gwamnati inda ake horon samari da ƴanmata domin su zama hafsoshi. Wadda ta girme su duka ita ce West Point, ta sojan ƙasa, wadda aka kafa a bakin kogin Hudson a shekara ta 1802. Ta sojan ruwa tana Annapolis tun 1845, ta sojan sama kuwa an kafa ta a 1954, tana gindin duwatsun jihar Kolorado. Sauran biyun, ɗaya ta masu tsaron gaɓar teku ce, ɗaya kuma ta hafsoshin jiragen ruwa na fatauci. A manyan ukun karatun na shekara huɗu ne, ba a biyan kuɗin makaranta, har ma akan ba ɗalibi ɗan albashi. In ya gama sai ya rama da aikin soja na aƙalla shekara biyar. Ga ɗan talaka wannan ba ƙaramar ƙofa ba ce. Shi ya sa kowace shekara fiye da mutum 10,000 sukan nemi shiga West Point, a ɗauki kimanin 1,200.

Sharuɗɗan suna da yawa. Sai mutum ya kai shekara 17 amma bai cika 23 ba, ba shi da aure, yana da kai a karatu, yana iya gudu da sauran wasannin motsa jiki, yawanci kuma sai wani ɗan majalisar tarayya ya gabatar da sunansa. Mafi yawan waɗannan, ƙoƙari yana iya kai mutum ga samunsu. Amma akwai ƙofa guda wadda ƙoƙari ba ya buɗe ta, wato awon likita. Ma'aikatar Tsaro tana da wata hukuma da ake kira DoDMERB a taƙaice, aikinta shi ne duba takardun lafiyar masu neman shiga. Amsarta iri biyu ce kawai: ko mutum ya cika ƙa'ida, ko bai cika ba. Ƙa'idodin suna rubuce a wata doguwar takardar umarni mai lamba 6130.03. Bisa ga yadda aka tsara ta a 2018, wanda ya yi asma bayan ya cika shekara 13 bai cika ƙa'ida ba. Haka mai ciwon sukari, haka wanda farfaɗiya ta taɓa kayar da shi bayan shekara 6, sai fa in ya yi shekara biyar lafiya lau ba tare da magani ba. Har wanda jikinsa ba ya shiri da gyaɗa ko kifi, in ya ci sai ya kumbura numfashi ya sarƙe, yana cikin jerin.

A ce ga wani yaro ɗan shekara 17. Tun yana ƙarami ba shi da magana sai ta West Point. Shi ne na ɗaya a ajinsu, shi ne shugaban ƴan ƙwallo, ɗan majalisa kuma ya riga ya sa masa hannu. Sa'ad da yake shekara 14 tari ya kama shi a wani lokacin sanyi, likita ya rubuta asma a takarda, ya ba shi abin shaƙa. Tun daga wannan shekara bai sake yin ko tari ba. Ran nan sai wasiƙa ta zo cewa bai cika ƙa'ida ba. Bai yi ƙarya ba, bai yi sata ba, bai yi ragwanci ba. An tare shi ne a kan abin da bai zaɓa wa kansa ba, a kan shekara ɗaya tak da ta wuce iyakar da wasu mutane suka zana a ofis. Ashe wannan adalci ne?

Zuciya tana saurin cewa a'a, amma ya kamata a fara sauraron dokar. Makarantar hafsoshi ba kyauta ba ce da ake raba wa yaran kirki domin a sāka musu. Wanda ya fito daga can yana ɗan shekara 22, za a danƙa masa mutum talatin ko arba'in, ƴaƴan wasu, a kai su inda babu asibiti kusa, inda akwai ƙura da hayaƙi da sanyi da rashin barci. In numfashin hafsa ya sarƙe a tsakiyar faɗa, ba shi kaɗai ya faɗi ba. Mutum biyu ko huɗu za su bar wurarensu su ɗauke shi, sauran kuma su rasa mai ba da umarni. Maganin mai ciwon sukari yana bukatar wuri mai sanyi, a daji kuwa ina za a same shi? Jiragen ruwa da dare sukan kunna jar fitila a hagu, koriya a dama, da haka matuƙi yake gane inda wani jirgi ya dosa. Wanda idonsa ba ya raba ja da kore, ko da ya fi kowa ilimi, yana iya kai ɗaruruwan rayuka ga halaka cikin dare ɗaya, shi ya sa makarantun sojan ruwa suka fi tsananta wa wannan. Yaron da aka tare ana ganin hawayensa. Waɗanda dokar ta tsare ba wanda ya san fuskokinsu, gama masifar da aka kauce wa ba ta da labari. Duk da haka suna nan, suna kuma da iyaye.

Ban da wannan, wasiƙar ba hukunci ba ce a kan darajar mutum, ko da yake mai karɓarta haka yakan ji. Madugun da zai ratsa Tenere zuwa Bilma ɗaukar gishiri yakan bar doki a gida ya zaɓi raƙumi, ba don doki abin raini ne ba. Iyakar abin da likita ya faɗa shi ne, wannan jiki da wannan aiki ba su dace ba. Laifin manya ne, iyaye da malamai, in suka bar yaro ya ɗauka cewa dukan amfaninsa a duniya yana rataye a ƙofa guda.

To, amma dokar da kanta ta san ba ta gani sosai. An rubuta ta domin dubban mutane, ba domin wannan yaro ba. Ba wani abin da yake faruwa a huhun ɗan Adam daidai ranar da ya cika shekara 13. An dai lura cewa asmar ƙuruciya takan wuce, wadda ta bi mutum har ya balaga kuwa takan dawo, dole kuma a ja layi a wani wuri. Saboda haka aka bar wata ƙaramar ƙofa a gefe, wato sassauci. A nan akwai wani tsari mai hikima. Hukumar da ta ce mutum bai cika ƙa'ida ba, ba ita take ba da sassauci ba. Wannan iko yana hannun kowace makaranta. Likitocin makarantar sukan nemi ƙarin takardu, su aika yaron wurin gwanin huhu a auna numfashinsa, su duba ko ya sayi magani a shekarun baya. Mai awo ba shi da ikon tausayi, domin kada tausayi ya karkatar da ma'auni. Mai tausayi kuma ba shi da ikon sāke awo, sai dai ya karɓe shi yadda yake, ya ce, duk da haka mun yarda mu ɗauki wannan kasada. Shi ya sa yakan faru a hana yaro a Annapolis, a karɓe shi a West Point, a kan ciwo ɗaya. Ba rikicewa ba ce, aikin cikin jirgin ƙarƙashin teku dabam yake da na tudu. Akwai kuma cututtukan da ba a ma duba su. A watan Yuli na 2025 ma'aikatar ta fitar da jerin waɗanda ba sassauci a kansu sam, kamar kasawar zuciya da farfaɗiyar da ba ta rabu da mutum ba.

Wannan dubawa ta biyu ba karya doka ba ce. Manufar dokar ita ce a sami hafsan da jikinsa zai ɗauki aiki. In bincike ya nuna yaron nan haka yake, hana shi zai zama bin haruffan doka da yar da manufarta. Douglas MacArthur, wanda ya karɓi miƙa wuyan Japan a 1945, da farko likitoci sun same shi da lanƙwasar ƙashin baya. Ya yi wajen shekara guda yana jiyya, ya shiga West Point a 1899, ya fito na ɗaya a ajin 1903, daga baya ma ya zama shugaban makarantar. Da amsar farko ita ce ta ƙarshe, da an yi hasara.

Akwai wani abu a tsarin da yake ɗan ci wa mutum rai. Makarantun ba su cika duba maganar sassauci ba sai ga wanda suke ganin zai iya cin gurbi, wato mai manyan maki. Ke nan yara biyu masu ciwo ɗaya, a sake duba mai kai, a ƙyale ɗayan. Wani zai ce wannan jinƙai ne ga masu ƙarfi kaɗai. Gaskiya ne, sai dai ba jinƙai ba ne irin na sadaka, ba a kuma taɓa cewa shi ne ba. Makaranta tana auna abin da za ta samu da kasadar da za ta ɗauka. Muddin kowa ya san ƙa'idar tun da fari, ana kuma bin ta ga kowa, da wuya a kira shi zalunci, ko da yake ba shi da daɗi.

Inda sassauci yake ruɓewa shi ne sa'ad da ya koma alfarma. John Kennedy, wanda ya zama shugaban Amurka a 1961, ba ɗan waɗannan makarantu ba ne, amma labarinsa ya shafi maganar. Da fari sojan ƙasa sun ƙi ɗaukarsa horon hafsa saboda ciwon baya. Mahaifinsa attajiri ne, tsohon jakada a Ingila, ya san manya. A 1941 sai ga shi hafsa a sojan ruwa. Ya yi jarunta, ba shakka. A watan Agusta na 1943 jirgin yaƙin Japan ya tsaga ƙaramin jirginsa biyu, ya yi iyo na sa'o'i yana jan wani da ya ƙone da igiyar rigar ceto a haƙoransa. Amma jaruntar ba ta wanke hanyar da aka bi ba. A wannan shekara samari nawa ne masu irin bayansa aka sallama gida, don ubanninsu ba su san kowa ba? A yau alfarmar ta sāke kama. Iyalin da suke da kuɗi suna iya kai yaro wurin gwanin likita biyu ko uku, su tara takardu masu kyau, su sami wanda ya san yadda ake rubuta su. Ɗan talaka yakan karanta wasiƙar farko ya ɗauka magana ta ƙare.

Yakan kuma ruɓe ta wata fuska, in hukuma ce take yunwar mutane. A 1966, lokacin yaƙin Biyetnam, ministan tsaro Robert McNamara ya sassauta ƙa'idodin ɗaukar kurata, na ƙwaƙwalwa da na jiki, ya ce hanya ce ta taimakon matalauta su koyi sana'a. Kafin a rufe shirin a 1971 an ɗauki kimanin mutum 350,000 waɗanda da dā za a mayar da su gida. Da yawa aka tura bakin dāga, suka kuwa mutu fiye da yadda sauran sojoji suke mutuwa. An buɗe musu ƙofa da sunan alheri, alhali ƙin su ne zai zama alherin. Ya kamata a tuna da wannan, gama matsin bai tafi ba: wani binciken ma'aikatar na 2020 ya nuna kashi 77 cikin 100 na matasan Amurka masu shekara 17 zuwa 24 ba za su iya shiga soja ba sai da sassauci, saboda ƙiba, ko ƙwaya, ko ciwo, ko wani dalili.

Wani lokaci kuma dokar ce da kanta ba daidai ba. Misalin da ya fi kusa da mutanen Afirka ta Yamma shi ne na amosanin jini, wanda ake kira sikila. Mai jinin SS yana da cutar, ba gardama a kan hana shi. Mai jinin AS kuwa yana ɗauke da iri ne kawai, yawanci lafiyarsa lau. A Nijar da Nijeriya irin waɗannan sun kai mutum 1 cikin 4 ko 5, a cikin baƙaƙen Amurka kimanin 1 cikin 13. A 1968 da 1969 kurata huɗu masu jinin AS suka mutu wajen horo a wani bariki a jihar Tekzas. Tsoro ya shiga, makarantar sojan sama, wadda take kan tudu fiye da mita 2,000 bisa teku, ta rufe ƙofarta ga duk mai wannan jini. Kusan dukan waɗanda abin ya shafa baƙaƙe ne. Sai da wani ɗalibi da aka kora ya kai ƙara kotu, aka soke dokar a 1981. Tsoron ba na banza ba ne ɗungum, gama aikin wahala cikin zafi da ƙishirwa yana iya cutar mai AS fiye da wani. Amma a 2016 aka buga wani bincike a kan baƙaƙen sojoji kusan 48,000, ya nuna cewa inda ake kula da shan ruwa da hutu da sabawa da zafi sannu a hankali, masu AS ba su fi sauran mutuwa ba. Ashe maganin yana wajen gyara horo, ba wajen korar mutane ba. Samarin da aka mayar gida a waɗannan shekaru ba wanda ya mayar musu da ƙuruciyarsu. Wanda yake riƙe da ma'auni, wajibi ne ya riƙa komawa yana auna ma'aunin, don ba shi ne yake biyan kuɗin kuskurensa ba.

Duk wannan ya kawo maganar ga tambayar da ta fi wuya, wadda take kwana da iyalai da yawa. Tun da doka tana iya kuskure, sassauci kuma ba tabbas, me zai hana yaron nan ya yi shiru? Takardar tambayoyi ce kawai: ka taɓa yin asma, i ko a'a. Shi ya san jikinsa. Ya san yana gudun kilomita goma ba ya haki.

Masu wannan ra'ayi suna da babban mashaidi. Harry Truman ya so shiga West Point, raunin idonsa ya hana. Daga baya ya shiga rundunar jiharsa ta Misuri, ana kuma ba da labari cewa haddace haruffan allon awon ido ya yi, ya karanta su da ka. A 1918 ya zama kyaftin na sojan igwa a Faransa, ba a kashe ko ɗaya daga mutanensa a faɗa ba, a 1945 kuma ya zama shugaban ƙasa. Amurkawa sukan ba da wannan labari suna murmushi. Amma labarin wanda dabararsa ta yi kyau ne ake bayarwa. Wanda ya haddace allo, tabaransa suka fashe a daren faɗa, ya harba igwa a kan ƴan'uwansa, ba ya zama shugaban ƙasa balle a rubuta tarihinsa. Sa'ad da Truman yake tsaye gaban allon bai san wanne daga cikin biyun zai zama ba. Caca ya yi, da rayukan da ba nasa ba, ya kuwa ci.

Ainihin abin da mai ɓoyewa yake yi ke nan: ya ba kansa sassauci. Ya zama shi ne mai roƙo, shi ne likita, shi ne alƙali, a shari'ar da yake da babbar riba a cikinta. Wataƙila hukuncinsa daidai ne, wataƙila huhunsa lafiya yake. Amma ɗan shekara 17 da yake son abu da dukan zuciyarsa ba shi ne ya fi cancanta ya yanke wannan ba, sojojin da za su bi shi kuma ba a tambaye su ba. In ya faɗi gaskiya aka ba shi sassauci, nauyin kasadar ya koma kan hukumar da ta sani ta yarda, likitan bariki kuma zai san abin da zai lura da shi. In ya ɓoye, ranar da ya faɗi a filin horo masu jiyya za su yi ta lalube cikin duhu. Ga kuma wani abu: dokar mutunci ta West Point ta hana ɗalibi ƙarya da maguɗi da sata, ta kuma hana shi ƙyale mai yin su. Wanda ya shiga ta ƙarya zai yi shekara huɗu yana rantsuwa da wannan doka, har wata rana a sa shi cikin masu hukunta abokinsa da ya kwafi amsa. Tun 2022 ma cibiyoyin ɗaukar sojoji suka fara aiki da wani tsarin kwamfuta mai suna MHS Genesis, wanda yake jawo tarihin asibiti da na sayen magani, har ɓoyewa ta yi wuya. Amma wanda tsoron kwamfuta ne kaɗai ya hana shi ƙarya, bai amsa tambayar ba tukuna.

Wannan tsananin bincike ya haifi wata jaraba sabuwa, wadda ta fi ƙaryar muni domin ba ta kama da ƙarya. Iyaye sun gane cewa abin da ba a rubuta ba, ba za a gani ba. Yarinya ƴar shekara 15 mai burin Annapolis ta daina cin abinci, ba ta barci, tana kuka ba dalili. Uwarta ta san ya kamata a ga likita, ta kuma san cewa in aka rubuta ciwon damuwa aka ba da magani, takardar za ta bi yarinyar har ƙofar makaranta. Ko kuwa yaro mai shan maganin rashin natsuwa, a tsayar masa da shi tun da sauran shekara biyu, ba don ya warke ba, sai don ƙa'idar 2018 ta ce kada a sami magani cikin wata 24 na ƙarshe. Ba wanda ya rubuta a'a a inda ya kamata a rubuta i. Takarda tsab take. Amma an sayar da lafiyar yaron na yau domin a sayi gurbin da babu tabbacin samunsa, in ma an samu, an aika da marar lafiya wurin da aka gina musamman domin a matsa wa mutum har iyakar ƙarfinsa.

A nan laifin ba na iyaye kaɗai ba ne. Dokar da take sa mutane gudun likita tana haifar da abin da aka kafa ta domin ta hana. Yarinyar da aka yi wa jiyya ta warke, aka rubuta komai, ta fi aminci a kan jirgi bisa ga wadda ta haɗiye ciwonta shekara uku, amma a takarda ta biyun ce mai tsabta. Hanyar gyara wannan ita ce sassauci ya zama abin da iyali za su iya dogara da shi: a bayyana a fili irin jiyyar da ba ta rufe ƙofa, a duba takardu da sauri kafin gurabe su cika, a kuma sanar da kowane yaro, mai kuɗi da marar kuɗi, cewa wasiƙar farko ba ita ce ta ƙarshe ba. Kafin a kai can, uwar tana zaune da lambar asibiti a hannu, ƴarta tana ɗaki ta rufe ƙofa. Ƴar tata shekararta 15, makarantar kuwa sai nan da shekara uku, akwai kuma wasu hanyoyin zama hafsa ta jami'a in wannan ta toshe. Abin da yake gabanta a daren nan shi ne yarinya marar lafiya, likita ne kuma ya kamata ya gan ta.